Abin da ke hana manomi sayar da hatsinsa da kaka

Kudancin jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa masara da shinkafa da waken suya da rake ke yi sosai a Tudun Wada da Doguwa. Sai dai damina sau ɗaya take zuwa a shekara, cefane kuwa kullum ne. Manomin da ba shi da komai sai gona, dole ya kai buhunansa kasuwa da kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa farashi ya karye, sannan ya dawo cikin Agusta yana awo da tsada, bashin taki na kansa. Shi ya sa da wuya ka sami gida a wannan yanki da ba shi da wata hanyar samu, kuma kuskure ne a ɗauki hakan a matsayin gazawar noma. Sana'ar gefe ita ke riƙe da gonar.

Kowane gari da abin da Allah ya hore masa. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ya buɗe wa mutanen Bebeji kamun kifi da noman rani, ya kuma kawo aikin ƙwadago a gonakin tumatir na Kadawa. A Kwanar Dangora ta Kiru, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, akwai dako da dillancin hatsi da acaɓa. A Riruwai har yau ana haƙar kuza. Amma kuɗin da ya fi ceton rumbu yawanci daga cikin gida yake fitowa: matar da ke turara shinkafa ko suyar awara, ta zuba adashi, ta sayi tunkiya, ta turke rago don Babbar Sallah. Ranar da ciwo ko suna ya taso, dabbar ake sayarwa, masara ta zauna har ta yi daraja.

Akwai masu cewa wannan raba hankali ne, gara manomi ya riƙe abu ɗaya ya ƙware. Maganar za ta yi daidai ga mai inshora da bankin da zai ranta masa kafin shuka. Wanda tsutsa za ta iya cinye tumatir ɗinsa cikin kwanaki, kamar yadda ta yi wa manoman Kano a 2016, ba za a ce masa haka ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce hanyoyin ba ɗaya suke ba. Mai hali injin niƙa yake saya, talaka kuwa gonar wani yake yi wa noma don abincin yau, tasa tana cika da ciyawa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ribar acaɓa da injin ban-ruwa ta ragu. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa ba hana sana'a ba ne. Ƙaramin rance da zai iso hannunsa a Mayu, kafin ruwa ya zauna, shi zai bar shi a gonarsa a makonnin noman farko.