Tarbar Tsofaffin Mahaya Dutse A Amurka, Da Namu Da Ba A Rubuta Sunayensu Ba

A watan Nuwamba na shekarar 2008, wasu dattawa biyu, kowannensu ya haura shekara saba'in, sun koma kwarin Yosemiti da ke Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda jama'a suka taru domin tarbarsu. Ba sarakuna ba ne, ba kuma attajirai ba. Ɗaya, George Whitmore, mai haɗa magunguna ne, ɗayan kuma, Wayne Merry, ya daɗe da ƙaura zuwa wani ƙaramin gari a arewacin Kanada. Abin da ya jawo musu wannan karamci shi ne, shekara 50 kafin wannan lokaci, su da jagoransu Warren Harding suka zama mutane na farko da suka hau fuskar wani gagarumin dutse mai suna El Kapitan, tun daga gindinsa har ƙolinsa. Harding bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 2002. A 2008 ne kuma Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙuduri na musamman don karrama su.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan mutumin Daddara, wanda damuwarsa taki da tsaron gona da halin da iyakar Magama ke ciki, da labarin waɗansu Turawa masu hawan dutse? Tambayar tana kan hanya, amma a yi mini haƙuri in fara bayyana irin dutsen da ake magana a kai, domin sai an san nauyin kaya ake sanin ƙoƙarin ɗan dako.

El Kapitan ba tudu ba ne irin wanda ake bi ta gefe a hau ana hira. Falalen dutse ne guda, a tsaye cak kamar bangon ɗaki, tsawonsa ya kusa mita 900, wato kusan ninki uku na tsawon Dutsen Zuma da muke gani a jikin takardar Naira ɗari. Babu wurin sa ƙafa sai 'yan tsage-tsage. Wanda ya shiga hawansa a wancan zamani, a jikinsa zai kwana, a rataye da igiya ko a kan wata 'yar baranda da ba ta fi faɗin tabarma ba, ruwan sha da abinci kuma sai an jawo su a buhu daga ƙasa. Shi ya sa har tsakiyar shekarun 1950 ana ganin hawansa ta wannan fuska abu ne da ba zai yiwu ba.

Gasa ce ta tura Harding. A watan Yuni na 1957 wani matashi mai suna Royal Robbins da abokansa biyu suka riga shi hawan fuskar wani dutsen da ke kwarin, cikin kwana biyar. Harding ya bi ta hanya mai sauƙi ya same su a sama ya taya su murna, sannan ya sauko ya juya ga abin da ya fi wancan girma. A watan Yuli ya fara, tare da Mark Powell da Bill Feuerer, ta wani ƙundu da ya turo gaba a tsakiyar dutsen, wanda saboda siffarsa suka laƙaba masa suna Hanci.

Dabararsu irin ta masu yaƙin ƙawanya ce. Su hau kaɗan, su kafa ƙusoshin ƙarfe a cikin tsagi, su ɗaure igiya, su sauko su koma bakin aikinsu na neman abinci, ranar hutu kuma su bi igiyar su koma inda suka tsaya su ɗora. Kayan aikin ma ba a sayar da irinsu a kanti. Da suka iso wani tsagi mai faɗi wanda ƙusoshinsu suka yi wa ƙanƙanta, sai suka yi amfani da waɗansu da wani abokinsu ya ƙera daga ƙafafun tsohon murhun ƙarfe, har yau kuma mahaya suna kiran wurin da sunan ƙafar murhu. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda maƙerinmu ke mayar da tsohon ƙarfen mota ya zama garma ko gatari, zai gane irin wannan basira ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Wahalhalu sun yi ta zuwa. Masu yawon buɗe ido suka riƙa tsayar da motoci suna kallo har hanya ta cushe, hukumar gandun ta hana su hawa a lokacin da baƙi suka fi yawa. Powell ya karye a wani hawan na dabam, Feuerer ya janye, wasu suka zo suka tafi. Harding ne kaɗai ya dage tun daga farko, har Merry da Whitmore suka shigo. A daren ƙarshe, da suka iso wani wuri da dutsen ya rankwafo kansu babu ko tsagi, Harding ya kwana yana huda dutse da hannu a hasken 'yar fitilar goshi, ya kafa ƙusa 28 ɗaya bayan ɗaya, da safiyar 12 ga Nuwamba, 1958 ya taka ƙoli. In aka tara kwanakin da suka yi a jikin dutsen, sun haura 40, a cikin kusan shekara ɗaya da rabi.

Irin waɗannan labarai ne dattawan suka riƙa bayarwa a taron 2008, ga matasa waɗanda suka fi su ƙarfi da kayan aiki nesa ba kusa ba. Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Hanyar da Harding ya sha wahala a kanta, tun a 1960 Robbins da mutum uku suka bi ta cikin kwana bakwai ba tare da sun sauko ba. A 1975 Jim Bridwell da abokansa biyu suka gama ta a yini guda. A 1993 wata mace, Lynn Hill, ta hau ta da hannu da ƙafa kaɗai, igiya tana nan don kariya kawai ba don jan jiki ba, abin da ya gagari maza, a shekara ta gaba kuma ta maimaita cikin ƙasa da awa 24. A 2018 Alex Honnold da Tommy Caldwell suka haye ta cikin ƙasa da awa biyu. Duk da haka babu wanda ya ce tsofaffin nan sun zama abin dariya don sun yi kwana arba'in a inda yara ke yin awa biyu. Yaron da ya hau a yau ya san ana iya hawa, ya san inda tsagi yake da inda za a huta. Su kuwa na farko, hangen Dala kawai suke yi, ba su da tabbacin shiga birni.

Kada kuma a ɗauka mutanen nan waliyyai ne masu zaman lafiya da juna. Harding da Robbins sun yi shekaru suna sa-in-sa a kan huda dutse. Robbins yana ganin yawan kafa ƙusa cin zarafin dutse ne kuma ragwanci ne, Harding kuwa yana ganin kowa ya yi abin da ya ga dama. A 1970 Harding da Dean Caldwell suka yi kwana 27 a wata sabuwar hanya a jikin El Kapitan, har suka ƙi yarda a cece su lokacin da hukuma ta shirya hakan, suka kuma kafa ƙusoshi fiye da 300. Robbins ya fusata, ya hau da niyyar cire su duka. Bai yi nisa ba ya ga irin gwanintar da aka zuba a hanyar, sai ya daina cirewa ya ƙarasa hawan. A ganina wannan ya fi duk wata lambar yabo, abokin hamayya ya ga aikinka ya sauke gudumarsa.

Hasali ma, a zamaninsu ba a ɗauke su da daraja ba. Kallon zauna-gari-banza ake yi musu, suna kwana a wani fili da ake kira Sansani na 4, suna cin ragowar abincin baƙi, suna wasan ɓuya da ma'aikatan gandu. Bayan ambaliyar da ta auka wa kwarin a farkon 1997, hukuma ta shirya yin gine-gine a gefen wannan sansani. Ɗaya daga cikin tsofaffin, Tom Frost, ya jagoranci kai ƙara kotu, a 2003 kuma aka sa sansanin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar. Wato su da kansu suka tsaya wa tarihinsu, suka rubuta shi, suka adana tsofaffin igiyoyi da ƙusoshi, kafin majalisa ta tuna da su.

To, mu dawo gida. Mu ba baƙin dutse ba ne. Tarihin Kano daga kan Dala ya faro, da labarin Barbushe da hawansa. Zariya tana da Kufena. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga Dutsen Kwatarkwashi, inda tsofaffi ke ba da labarin bikin da samari kan hau dutsen su kamo maiki, abin da ba rago ke yi ba. Nan yammacin Katsina ma, daga ƙasar Jibiya zuwa Batsari da Safana har Dutsin-ma, duwatsu ne birjik, kuma a zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren neman bayi garuruwa da dama a jikin dutse suka fake. Lalle akwai waɗanda suka san kowace kafa da kowane kogo, akwai masu hawa ɗebo zuma, akwai mafarauta, ban da masu hawan giginya da rimi, da masu haƙar rijiya waɗanda su ma rayuwarsu a kan igiya take, sai dai su ƙasa suke nufa. Ba don wasa suke yi ba, don neman abinci ne da tsira da rai, wannan kuwa bai rage komai daga jarumtarsu ba. Amma a kawo mini littafi ɗaya da ya jera sunayensu, ko ya faɗi ta wace fuska ake hawan dutse kaza, ko da wace irin igiya.

Ba ina cewa mu kwaikwayi Turawa mu mayar da hawan dutse wasa ba, ko da yake ba laifi ba ne, kuma tun daga gasar Tokiyo da aka yi a 2021 hawan bango ya shiga wasannin Olamfik. Ba kuma ina kira a farfaɗo da tsafe-tsafen da ke tattare da wasu bukukuwan da ba, waɗanda Musulunci ya raba mu da su. Sanin dutse dabam, bautarsa dabam. Abin da nake tsoro shi ne yankewar ilmi, kuma dalilin tsoron a fili yake. Shekarun da muka kwashe muna fama da 'yan bindiga sun raba mutane da dajinsu. Duwatsu da kogunan da kakanni suka fake a ciki, da yawansu sun zama mafakar waɗanda ake gudu. Yaron da ya tashi a wannan hali bai taɓa bin kakansa zuwa gindin dutse ba, balle ya ji sunan da ake kiran kowane sashe da shi. Dattijon da ya sani kuwa, mai yiwuwa yana zaune a gidan wani ɗan'uwa a Katsina ko Jibiya ko Maraɗi, gudun hijira ya kawo shi, babu mai tambayarsa komai sai lafiyar ƙafa.

Mali ta riga mu ganin irin wannan. Kusa da garin Hombori, a kan hanyar Gao, akwai waɗansu duwatsu masu tsini da ake kira Hannun Fatima, waɗanda mahaya daga Sifen da Faransa da Amurka suka riƙa zuwa hawa, mutanen yankin suna samun na cefane ta hanyar rakiya da dako. A watan Nuwamba na 2011 aka sace Faransawa biyu a Hombori, a 2012 rikici ya mamaye arewacin ƙasar, ƙafar baƙi ta ɗauke. Su dai an ɗan rubuta hanyoyinsu, ko da baƙi ne suka rubuta. Namu ko wannan babu.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar nan ba ta jira. Robbins ya rasu a 2017, Frost a 2018, Merry a 2019, Whitmore kuma, na ƙarshe cikin ukun nan, ya cika ranar 1 ga Janairu, 2021 yana da shekara 89. Kafin su tafi an zauna da su, an ɗauki muryoyinsu da hotunansu. Aikin ba ya bukatar kasafin miliyoyi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tana nan, akwai sassan Tarihi da na Hausa a jami'o'inmu, ɗalibai kuma kullum suna neman abin da za su rubuta kundi a kai, suna ta maimaita bukukuwan aure da suna. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ɗaukar murya. Hakimai da dagatai da sarakunan baka sun san inda dattawan suke. A gayyato su, a shimfiɗa musu tabarma, a ba su goro, a tambaye su: Baba, wane dutse kuka hau, kuna da shekara nawa, wa ya fara nuna muku hanya? Igiyar ta rama ce, ko ta ɓawon kuka, ko ta kaba? Da rani ake hawa ko da kaka, kuma wa ya taɓa faɗowa, a wane wuri?