Laburaren Murtala: Wai Na Maza Ne Kaɗai?

A wannan fitowar na ajiye zancen lalle da girki da rigimar kishiya, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ku ta shafa, musamman ƙannena da suka gama sakandare suna zaune a gida, daga wanke-wanke sai shara sai jiran sakamako ko jiran mai zuwa zance.

Tambaya zan yi muku, ku 'yan Kano. Wace ce a cikinku ta taɓa shiga Laburaren Murtala Muhammed da ke kan titin Ahmadu Bello a Nassarawa? Ban ce wucewa ta ƙofar a cikin A Daidaita Sahu ba, shiga ciki nake nufi, ki zauna a kujera ki buɗe littafi. Na san amsar da yawanku: ai wurin 'yan jami'a ne, ai wurin samari ne masu ɗaukar kai da manyan littattafai. To wa ya ce? Hukumar laburare ta jihar Kano ce ke kula da wurin, da dukiyar jama'a aka gina shi, har da harajin da babanki yake biya a kasuwa. Babu inda aka rubuta cewa sai mai digiri, ko sai mai gemu.

Wani abu ma da ke sa ni tunani shi ne sunan da ke jikin ginin. Janar Murtala, Allah ya jiƙansa, an kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ƙanwarsa kuwa ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tun tana ƙaramar yarinya, amma ba ta yarda biro ya faɗi daga hannunta ba. Ita ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma wannan na biyun an fassara shi da Turanci aka buga a Indiya a 2012. Yanzu fisabilillahi, ginin da ke ɗauke da sunan yayan wannan baiwar Allah ne mu mata za mu bar wa maza su kaɗai?

Abin da ke korar yawancinmu kunya ce. Yarinya tana tsoron ta shiga ta rasa inda za ta nufa, a yi ta kallonta kamar baƙuwar akuya. Bari in sauƙaƙa miki. Zama ki yi karatu a ciki daban, aron littafi ki tafi da shi gida daban. Idan aro kike so sai kin yi rajista an ba ki kati, don haka ranar farko ki tafi da ƙaramin hotonki da wata shaida, ta makaranta ko ta ƙasa, ki tambayi ma'aikatan abin da ake bukata. Aikinsu ke nan, kada ki ji nauyi. Akwai kuma littattafan da ba a fita da su ko wace ce ke, irin su ƙamus da manyan kundaye na neman bayani, waɗannan a nan za ki duba ki mayar.

Sai maganar lambobin da za ki gani a bayan littafi. Ba ado ba ne. Yawancin laburaren jama'a suna bin tsarin wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey, wanda ya fito da shi tun 1876, ya raba ilmi gida goma. Lamba 200 addini ne, kuma littattafan Musulunci suna 297. Kimiyya tana 500, a nan mai fama da lissafi da kimiyyar sinadarai za ta sami magani. Mai burin zama nas ko unguwarzoma ta nufi 610, mai son girki 641. Adabi, wato gidanmu mu masu ƙagaggun labarai da waƙa, yana 800, tarihi kuma 900. Ki rubuta waɗannan a bayan littafin rubutunki, wallahi ranar farko ma sai a ɗauka kin shekara kina zuwa.

A cikin harabar akwai sashen da ake kira American Corner, wanda ofishin jakadancin Amurka ke tallafa wa, inda ake samun kwamfuta da intanet, ana kuma shirya tarurruka da bita ga matasa. Na kawo wannan ne saboda abu ɗaya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Sau nawa muka ji labarin yarinya mai ƙoƙari, wadda ta san amsa sarai, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta, jikinta na rawa har lokaci ya ƙare? Danna waya daban, zama gaban kwamfuta ana ƙirga miki mintuna daban. Gara hannunki ya saba tun kafin ranar.

Ga masu sha'awar rubutu kuwa, ku sani laburaren nan ya daɗe yana karɓar zaman marubuta, ciki har da na ƙungiyar ANA reshen Kano, inda mutum zai karanta abin da ya rubuta a gaban jama'a a yi masa gyara. Akwai zafi, ba zan ɓoye muku ba, domin wani dattijon sai ya tsaya a kan harafi ɗaya mai lanƙwasa ya yi ta bayani har ki ji kamar ƙasa ta tsage. Amma wadda ke mafarkin shiga gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara domin mata a 2016, gara ta sha wannan zafin a gida kafin labarinta ya je gaban alƙalai.

Na san akwai mai cewa, ke dai kina magana ne kawai, Baba ba zai bari ba. Gaskiya ne, kuma ba na ganin laifin iyaye, zamani ne ya zo da abin tsoro. Sai dai akwai dabara. Kada ki ce za ki tafi ke kaɗai. Ku haɗu ku biyu ko uku, ko ki roƙi yayanki ya raka ki ranar farko ya ga wurin da idonsa, ki faɗi lokacin dawowa kuma ki cika. Ki nuna wa Umma katin da littafin da kika aro. Amma don Allah wadda ta san saurayi za ta je gani kada ta laɓe da sunan laburare, domin ranar da asirinta ya tonu ta rufe wa 'yan unguwarsu ƙofa baki ɗaya. Ku kuma iyaye, 'yar da kuka hana zuwa inda ake zama shiru ana karatu a bainar jama'a, ita ce fa kuka bari a ɗaki da waya har ƙarfe biyun dare.

Ba zan ce komai lafiya ba ne a laburaren gwamnati na ƙasar nan. Kowa ya san kukan: littattafai sun tsufa, sababbi ba sa zuwa da yawa, ga matsalar wuta. Amma wurin da babu masu zuwa, wa zai tashi ya yi masa kuka?

A nan ne zan juyo kan 'yan'uwana marubuta, domin mu ma muna da namu. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki sun fito ne daga gasar da aka yi a 1933, kuma har gobe za ki same su, domin kamfani ya riƙe su, makarantu da laburare sun adana. To je ki nemi littattafan da yayyenmu suka yi ta rububi a shagunan haya shekaru talatin da suka wuce. Wani littafin za ki sami na ɗaya babu na biyu, wani an naɗe ƙosai da shi, wani ita kanta mai littafin ba ta da kwafi ko ɗaya. Na yau ma sun fi shiga haɗari, tunda a waya ake rubuta su a waya ake karantawa, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka rufe zauren shi ke nan an yi jana'izar labari.

Alhali kuwa akwai doka. Tun 1970 dokar Laburaren Ƙasa ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, kuma su ne ke ba da lambar nan ta ISBN da kuke gani a bayan littafi. Mu nawa muke kaiwa? Muna buga littafi mu loda wa ɗan kasuwa, mu raba wa ƙawaye da surukai kyauta, amma kwafi uku na ajiya ya gagara. Ni dai shawarata, duk wadda ta fitar da littafi ta cire ukun nan tun a maɗaba'a kafin a ɗaure sauran, ta ƙara da ɗaya ko biyu ta kai laburaren garinsu da hannunta.

Ke kuma da ba ki Kano, ki bincika naku. Jihohinmu suna da hukumomin laburare, wasu har da rassa a ƙananan hukumomi. Idan kin je ki rubuto mana abin da kika tarar, ko akwai littattafan Hausa a kan kanta, da kuma mata nawa kika ƙirga a zaune. Zan kawo wasiƙun a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.