Wa Ke Biyan Kuɗin Magani?

Jama'a, duk mun san halin ƙasarmu ta Haɗejiya. Kogi shi ne arzikinmu. Daga gare shi muke samun shinkafa da kifi da noman rani. Amma in damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a fadamu, sai sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya shiga gida-gida. To, in yaro ya kwanta, wa ke biyan kuɗin magani?

A zamanin En'e, akwai ɗakunan shan magani a manyan garuruwa. Daga baitulmali ake biyan malamin asibiti, watau daga haraji da jangalin da iyayenmu suka biya. Ɗakunan ba su da yawa, amma wanda ya isa can ba ya kashe kuɗi mai yawa.

Bayan haka kuɗin man fetur ya faɗi. A 1986 Gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Magani ya yi wuya a asibitocinta. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka yarda a riƙa sayar wa majiyyaci magani, a sayo wani da kuɗin. Asibitocin kuɗi da kemis-kemis kuwa suka yawaita.

Wannan ya yi wa waɗansu daɗi. Mai hali ya sami likita ba jira. Mai kemis ya sami ciniki. Amma manomi fa? In ciwo ya zo cikin Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai ya sayar da akuya ko ya ci bashi. Wani ya sayi rabin magani, ciwon ya komo. A Nijeriya, cikin kowace naira 10 da ake kashewa wajen neman lafiya, wajen naira 7 daga aljihun masu ciwo take fitowa.

Saboda haka aka kawo inshorar lafiya. Kamar adashi take: mutane da yawa su zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An soma ta a 2005, amma yawanci ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka amfana. Manomin Auyo da masuncin Guri ba su da albashin da za a yanka.

A 2014 aka yi doka, aka ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya na matakin farko. Daga cikinsa ake biya wa marasa ƙarfi. A 2022 wata doka ta wajabta inshorar a kan kowa. A Jihar Jigawa, hukumar JICHMA ke rubuta sunaye.

Ga abin lura: wanda ba a rubuta sunansa ba, ba ya cikin adashin. Kada mu jira sai ciwo ya zo, ko ruwa ya yanke hanya. Mu je asibitin mazaɓarmu tun muna lafiya, mu tambayi yadda ake shiga. In mun biya kuɗi, mu karɓi rasit, mu karanta shi da kanmu. Ga amfanin karatu ke nan.

Tambayoyi
1. Daga ina En'e ke samun kuɗin biyan malamin asibiti?
2. Ta yaya inshora ta yi kama da adashi?