Yaro Mai Galahanga da Filin Wasa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da lalurar galahanga. Ita ce kuma ta ce duk ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a rana. Mai galahanga yana cikin wannan lissafi, amma shi aka fi bari a tsakar gida idan sa'anninsa suka fita ƙwallo bayan la'asar. Iyaye na gudun tsokana, yaran layi kuma suna cewa yana ɓata musu wasa.

Wannan zaman yana cutar da shi. Da yawa daga masu lalurar ba sa samun isasshen barci, wasu abinci iri biyu ko uku kawai suke yarda su ci, wasu kuma likita yana ba su magani irin risperidone, wanda ke buɗe ciki ya kawo ƙiba. Motsa jiki ba ya warkar da galahanga, kuma kada ku saurari mai yi muku wannan alƙawari. Abin da bincike ya nuna shi ne yana rage rashin natsuwa da yawan maimaita motsi, yana kuma ƙara wa gaɓoɓi ƙwari da saiti.

To me ya sa ƙwallon ƙafa ke yi masa wuya? Saboda yawancin dokokinta ba a faɗar su. Ɗan wasa yana duban fuskar abokinsa ya gane a ba shi fasin yake so, yana hasashen inda ƙwallo za ta faɗa, duk cikin ƙiftawar ido. Karanta fuska da ishara kuwa nan ne mai galahanga ya fi shan wahala. Ga ihu ta ko'ina, ga usur, ga kafaɗa da ke bugunsa ba zato. Ƙarar da ku ba ta dame ku ba, shi tana iya yi masa zafi a kunne. Idan ya toshe kunnuwa ya bar fili, kada a kira shi mai taurin kai: abin ne ya fi ƙarfinsa.

Shi ya sa ya fi kyau a soma da wasan da mutum ke yi shi kaɗai ko da yana cikin jama'a: gudu, tuƙa keke, tsallen igiya, tekwando ko karate, inda ake maimaita motsi ɗaya har ya zauna a jiki. Son maimaitawa da ake ganin aibi ne a gida, a nan jari ne. Mikey Brannigan, Ba'amurke mai galahanga, a tsere ya samu kansa, har ya ci zinare a gudun mita 1500 a gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Rio a 2016.

Daga nan sai a shigar da shi wasan ƙungiya sannu a hankali. Mutum biyu su riƙa ba juna ƙwallo, sai a ƙara na uku. Lokaci ɗaya, fili ɗaya, tsari ɗaya kullum, domin canjin ba-zata yana rikita shi. Koci ya taƙaita magana, ya nuna da jikinsa, ya ɗaga hannu maimakon busa usur. A ba yaron aiki takamaimai, a kuma ware masa inuwar da zai je ya huta ba tare da an bi shi da tambayoyi ba. Ƙungiyar Special Olympics, wadda Eunice Kennedy Shriver ta kafa a 1968 kuma take da reshe a Najeriya, tana haɗa masu lalurar ƙwaƙwalwa da marasa ita a ƙungiya ɗaya. A ganina wannan ne tsarin da makarantunmu ya kamata su ɗauka, kuma har da 'yan mata, waɗanda aka fi saurin kulle su a ɗaki.

Iyo yana buƙatar magana ta musamman. Yara masu galahanga da yawa ruwa yana jan hankalinsu, suna kuma da halin sulalewa daga gida ba wanda ya sani. Nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke halaka su. A garuruwanmu da kududdufai ke cika da damina, ga rijiyoyi a buɗe, koya wa irin wannan yaro iyo kariya ce ga ransa. Sai dai farfaɗiya ta fi yawa a tsakaninsu fiye da sauran yara, don haka a ji ta bakin likita kafin a fara, kuma babba ya tsaya kusa da shi duk lokacin da yake cikin ruwa, ko da ya riga ya iya.