Makullin Mai Idan Ya Fara Ɗiga: A Gyara Ko A Sake?

Tun daga 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Achilafiya da Kazaure, ko mai kai buhun gero kasuwar Babura, ya daina raina ɗigon mai. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ɗigo 86,400 ne a kwana, ya haura lita guda ke nan, kuma bisa inji mai zafi yake sauka. Don haka da makullin man babur ya fara jiƙewa, sai a ji bakanike ya ce, "Maigida, a sa sabo kawai." Ni a ganina gaggawa ce. A fara buɗe shi tukuna.

Abin ba shi da wata sarƙaƙiya. Bututu biyu ne a cikin tanki, dogo na tafiyar yau da kullum, gajere na rizab, sai rariya mai tace datti, sai wata 'yar roba mai huda-huda da hannun makullin ke juyawa a kanta. Galibi robar nan ce ke bushewa ta tsage, musamman idan ana shan man bumburutu ko gurɓatacce irin mai sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022. Idan fuskar makullin da sukuru aka ɗaure ta, kuma jikinsa bai tsage ba, canza roba da wanke rariya sun wadatar.

Za a ce ai sabon ba shi da tsada, me ya sa za a wahala? Gaskiya ne, amma mai arhar sau da yawa jabu ne, robarsa ba ta kai ta wanda ya zo da Bajaj Boxer ko Jincheng daga kamfani ba. Sannan idan tsatsar tanki ce ke toshe hanya, sabon ma zai toshe, sai an sauke tankin an wanke. Inda masu wannan ra'ayi ke da gaskiya shi ne idan ƙarfen ya tsage, ko zaren ya cinye, ko an maƙale fuskar yadda ba ta kwantuwa. Nan kam a saya, kada a liƙe da sabulu ko gam.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu cire makullin su haɗa tiyo kai tsaye. Ranar da allurar kafireto ta ƙi rufewa cikin dare, fetur zai malale a zauren da yara ke kwana, ko ya gangara cikin inji ya tsinka baƙin mai.