Abubuwan da ya kamata ka sani game da "an ce" da "mun ji" a wasan cike gurbi

Wanda ya taso ana yi masa kacici-kacici a dandali ya san daɗin tambayar da ke ɗauke da amsarta a ɓoye. Turawa sun shigar da irin wannan cikin jarida: akwatuna ne ake cikewa da haruffa, a tsaye da a kwance. Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World a 1913, sai Ingila ta ƙara masa lauje cikin naɗi. A 1926 Edward Powys Mathers ya fara tsara wa jaridar Observer tambayoyi masu kama da zaurance.

Mece ce kalmar ishara?

Irin wannan tambaya takan zo da ma'anar amsa kai tsaye, da wata dabara ta biyu da za ta kai ka gare ta. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce kalmomi biyu masu sauti ɗaya amma rubutu daban, kamar night, wato dare, da knight, jarumin doki. Don kada a yi maka rufa-rufa, mai tambaya yakan saka 'yar kalmar ishara da ke cewa ka aje ido ka kasa kunne: we hear, ko reportedly, ko on the radio. Da Hausa, "mun ji", "an ce", "a rediyo".

Inda aka ajiye ta yana da muhimmanci. Dole ta jingina da kalmar da za a furta. Idan ta faɗo tsakiya, ba ka san wadda ake nufi ba sai ka ƙirga akwatuna: biyar dare ne, shida jarumi. Derrick Macnutt, da aka fi sani da Ximenes, ya fitar da littafi a 1966 kan ƙa'idojin wasan, kuma ginshiƙinsu shi ne a yi wa mai warwarewa adalci.

Me ya sa ake gardama a kanta?

Saboda kowane gari da bakinsa. Mutumin kudancin Ingila yana furta court da caught iri ɗaya, amma ɗan Sikotland yana fito da "r" ɗinsa sarai, don haka a kunnensa tambayar ba ta zauna ba.

Mutumin Yauri ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ka tsaya bakin ruwa a Yelwa lokacin da kwale-kwale ke sauke kaya daga Ngaski da Shanga. Bagunge da Bakambare da Bashange kowa da harshen gidansu, ciniki kuma da Hausa ake yi, sai dai ba Hausa ɗaya ba. Abin da Bakano ke kira kifi, mai bakin Sakkwato da Kabi kihi zai ce, fita kuma hita. Tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, da tafkin ya tashi ƙauyuka da tsibirai, bakuna suka ƙara cakuɗuwa a wannan gaɓa.

Zai yiwu da Hausa?

Zai yiwu, amma sai an juya shi. Boko yana bin furuci, saboda haka da wuya ka sami kalmomi biyu masu sauti ɗaya da rubutu daban. Arzikinmu yana ɗaya gefen: rubutu ɗaya, furuci daban, domin ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Gari na zama da gari na tuwo. Fara mai tsalle, fara mai haske, da fara aiki. Ajami ma, da yake nuna dogon wasali, bai nuna karin sauti ba.

Ke nan ishararmu ba "mun ji" ba ce, "a rubuce" ce. Ga biyu da na tsara, lambar da ke cikin baka ita ce yawan haruffan amsar:

Bishiyar miya tana zubar da hawaye, a rubuce (4). Amsa: kuka.

Tsakanin kai da kafaɗa akwai wahala, a rubuce (4). Amsa: wuya.

Ka furta kukan yaro da kukar miya a jere, za ka ji muryarka ta tsaya sama a ta farko, ta sauko a ta biyu. Takarda ce kawai ta haɗa su.

Karin harshe kuwa, da ya zame wa Turawa abin gardama, mu kayan aiki ne, muddin an faɗi bakin da ake nufi: Abin da Basarke ya kamo, in ji Basakkwace (4). Amsa: kihi. A ganina wannan ya fi adalci, kuma yana girmama bakin kowa.

Wa zai fara?

Malaman Hausa na makarantun Yauri da Ngaski da Shanga ne suka fi kusa. Karin sauti darasi ne da ɗalibai ke jin nauyinsa, alhali suna amfani da shi tun suna goye. Malam, gobe ka rubuta tambayar kuka a allo, ka bar yara su furta amsar da bakinsu.