Wankin Ƙoda: Sauƙi Ne, Ba Waraka Ba

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita mutumin ƙasar Holan, Willem Kolff, ya ƙera na'urar tace jinin wanda ƙodarsa ta gaza. Majinyatan farko kusan duk sun rasu, sai a 1945 wata tsohuwa ta tashi.

To, amma na'urar ba ta warkarwa. Wanda ƙodarsa ta mutu akan yi masa wanki sau uku a mako, awa huɗu-huɗu, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin talaka.

Binciken likitoci ya tabbatar hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma cutar ba ta bayyana sai ta yi nisa. Saboda haka likitoci ke kiran jama'a su riƙa awon jini da fitsari tun da sauran lafiya.